Jar Ƙwaya A Cikin Dusa

Duk wanda ya ratsa gonakin Badafi da damina zai iya cin karo da shi: mutum dogo, baƙi, gemu ya fara furfura, yana tafe gaban shanun huɗa riƙe da igiya, wani kuma yana baya riƙe da garma. Baƙo kan yi dariya, don a ƙasar Kiru jan shanu aikin yara ne, waɗanda ƙarfinsu bai kai su danna garma ba. 'Yan gari ba sa dariya. Sun san Ladan. Sun san lokacin da babu mai riƙon garma irinsa daga Badafi har Ba'awa, sun kuma san abin da ya dawo da shi gaba.

Su biyu ne maza a wajen mahaifinsu, Umaru da Ladan, uwa ɗaya uba ɗaya. Umaru ne babba, siriri, mai sanyin magana, tun yana yaro yake fama da ciwon ƙirji. In ya danna garma, kafin ya kai ƙarshen kunya numfashi ya sarƙe masa. Ladan kuwa Allah ya ba shi ƙira, ya ba shi ƙarfi, sai dai bai ba shi haƙuri ba. Da tsohon ya duba ya ga haka, sai ya raba musu aiki: Umaru a gaba yana jan shanu, Ladan a baya yana riƙe da garma. Haka suka girma, haka suka yi aure, ba wanda ya sauya wuri.

Da ciwon ajali ya kama tsohon, ya sa aka kira su. Ya ce, "Kada ku raba gandun nan, kada ku raba shanu. Kai kuma Ladan, ka riƙa tunawa, wanda yake gaba ba ya ganin abin da ke bayansa. Ƙaho yana bayansa, bakin garma yana bayansa. Yayanka amana ne a hannunka."

Ladan ya ce ya ji. Kuma har ga Allah ya ji ɗin, don duk zafin kansa babu mahalukin da yake so irin Yaya Umaru. In ya dawo daga kasuwa, goron da ya fi kyau na Yaya ne. In yana cikin faɗa da mutum goma, Umaru ya ce "Ladan" sau ɗaya, sai ka ga kafaɗunsa sun sauka.

Shanun da suka yi suna da su, 'yan maruƙa Umaru ya sayo su wajen wani Bafillace a can gefen dajin Falgore, ɗaya baƙi ƙirin, ɗaya fari. Bai canza musu sunan da suka zo da shi ba: baƙin Ɓaleri, farin Daneri. Shi ya raine su, shi ya huda musu hanci, shi ya koya musu karkiya. Bai taɓa ɗaga musu tsumagiya ba. Magana yake yi musu ƙasa-ƙasa, su kuwa suna bin sa har ƙofar masallaci in bai ɗaure su ba. Saboda wannan yarda ne ya ɗauki wata ɗabi'a da dattawa suka sha yi masa faɗa a kai: maimakon ya riƙe igiyar hancin Ɓaleri a tafin hannu, yadda in sa ya fizga za ta zame, sai ya naɗe ta a wuyan hannunsa ya ɗaure, ya bar yatsunsa suna jan carbi.

In aka ce, "Malam Umaru, dabba fa dabba ce," sai ya yi murmushi ya ce, "Ɓaleri? Ai ko ni na ce ya ja ni ba zai ja ni ba."

To, huɗa aiki ne na ɗan lokaci. Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi, kowa yana so a yi masa yau, don gobe ƙasar ta ƙeƙashe. Tun da asuba ake cika ƙofar gidansu, wannan ya ce gonar masararsa, wancan ya ce ta dawa. Mai hankali ya karɓi abin da shanunsa za su iya, ya ba sauran haƙuri. Ladan bai iya ba da haƙuri ba. Cutarsa ke nan, kuma tun kafin ya san wata ƙwaya take damunsa: son a yaba masa. Da zarar an ce, "Sai kai, Sarkin Garma, wanda ba ya kwana da alkawari," shi ke nan an gama da shi, ko gona goma ce zai ce a kawo.

Da goro ya fara, kamar kowa. Daga nan ya koma shayi mai kauri, a zuba masa kofi har ya yi ɗaci. A teburin Surajo mai shayi yake sha, a bakin hanya. Shi wannan Surajo buta biyu gare shi a kan murhu. Ta gaba shayi ce, ta kowa da kowa. Ta baya, baƙa, wadda ba a ɗorawa a kan tebur, gadagi ce, wani dafaffen haɗi na saiwoyi da ganyaye da abin da shi kaɗai ya san ya jefa. Bai taɓa kiran ta da sunanta ba.

"Sarkin Garma, yau na ga kafaɗarka ta yi nauyi. In zubo maka na 'yan aiki?"

Ladan ya sha na 'yan aiki. Ran nan ya yi huɗa har la'asar bai ji ko ɗuwawunsa ba. Da damina ta zagayo, na 'yan aiki ya daina kama shi, sai Surajo ya miƙo masa wata 'yar jar ƙwaya daga aljihun gaba, ya ce a jefa a ciki.

Abin haushi da wannan masifa shi ne yawan sunayenta, kuma duk masu daɗi. Surajo ya ce maganin gajiya ne. Samarin da ke lodin buhu a kasuwa suka ce kayan caji. Wani ya ce a-ji-garau, wani ya ce ƙarin kuzari. Shi Ladan cewa yake abin wartsakewa ne, bai fi goro ba, goron ne dai aka matse. Matarsa Turai, da ta fara tsintar fankon ƙwayar a aljihunsa in za ta yi wanki, ba ta iya furta komai ba sai "abin nan". Malamin unguwarsu kaɗai ya kira shi kayan maye a wajen karatun bayan magariba, kuma daga ranar Ladan ya sauya masallaci.

Ƙarfi ya ƙaru, babu musu. Amma ba shi kaɗai ya ƙaru ba. Ido ya kaɗa, barci ya ragu, zuciya ta dawo kusa. Turai ta koyi ajiye kwano ba tare da ya yi ƙara ba. Wata ranar kasuwa a Kwanar Ɗangora, wani mai shanun huɗa daga Ba'awa ya tsokane shi, irin tsokanar da abokan sana'a ke yi wa juna, ya ce ya ji labarin kunyoyin Badafi sun fara karkacewa. Da can Ladan zai rama ne da baki, a yi dariya a watse. Ran nan sai ya sunkuya ya ɗauki turken awaki ya sauke wa mutumin a baki. Haƙora biyu suka zubo a ƙasa tare da jini. Mutumin ya faɗi, Ladan ya hau ruwan cikinsa yana duka, sai da ƙarti huɗu suka ɓamɓare shi. Umaru ne ya yi ta zarya tsakanin gidan dagaci da Ba'awa, yana durƙusa wa mutanen da ya girma, har aka kashe maganar.

A hanyar dawowa ya ce, "Ladan, me kake sha?"

"Shayi, Yaya."

Umaru ya dube shi ya daɗe, sannan ya kau da kai. Bai saba ƙaninsa ya yi masa ƙarya ba, don haka bai san yadda ake kama shi ba.

Matsalar da ta biyo baya ita ce, mutum ya daina gajiya amma shanu ba su daina ba. Sa yana da iyakarsa. Rana ta take, sai ya fara kumfa, ya rage tafiya, ya nemi inuwa. Wata rana a gonar gandu Daneri ya durƙusa a tsakiyar kunya ya ƙi tashi. Ladan ya yi masa tsawa, bai motsa ba. Ya zuba masa tsumagiya har ta kakkarye. Ya waiga ya fizgo sandar wani makiyayi da ke tsaye yana kallo, ya shiga lafta wa dabbar a gadon baya, a wuya, a fuska, har jini ya ɓalle daga hancinsa yana ɗiga a kan ƙasa. Daneri yana wani irin nishi, Ɓaleri yana fizge-fizge a cikin karkiya.

Umaru ya kwance igiya, ya zagayo, ya shiga tsakani. Ya ɗaga siririn hannun nan ya wanke Ladan da mari, irin wanda tun suna yara bai taɓa yi masa ba.

Ladan ya ɗaga sandar sama. Wallahi ya ɗaga ta. Makiyayin ya yi salati. Umaru bai ja da baya ba, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ya ce, "Sauke ta a kaina. Ni na raine su, ni ya kamata ka fara duka."

Sandar ta daɗe a sama kafin ta faɗi ƙasa. Umaru ya durƙusa ya goge wa Daneri hanci da gefen rigarsa, ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Daga yau rana na takewa za a kwance su. Ko gonar wa ake yi."

Da wannan marin ya isa, da yanzu wani labarin ake bayarwa. Amma damina ta gaba ruwa ya yi jinkiri. Aka yi ta duban gabas har mutane suka fara fita roƙon ruwa. Da ya tashi sauka sai ya sauka gaba ɗaya, gari ya rikice, kowa yana neman huɗa a lokaci guda. Ladan ya karɓi alkawarin da ya fi ƙarfin shanu huɗu, balle nasu biyu, a ciki har da babbar gonar Alhaji Wada ta bakin titi, wadda masu wucewa ke ganin aikin da aka yi a cikinta. Ya zauna a teburin Surajo yana ƙorafin dokar Yaya ta kwance shanu da rana.

Surajo ya matso, ya rage murya. "To ai sa ma jini ne da tsoka, Sarkin Garma. Abin da ya tashe ka zai tashe shi. Masu amalanke suna yi, ba ka ga yadda nasu ke gudu ba? Ka daka ka zuba a dusa, ka sa kanwa ta ɓoye ɗacin."

Umaru ne ke ba shanu dusa kullum da safe. Washegari Ladan ya riga shi, ya ce, "Yaya, ka huta, ƙirjinka ya dame ka jiya. Na ba su." Umaru har da sa masa albarka.

Ranar farko abin ya yi kamar sihiri. Rana ta take, shanu ba su yi kumfa ba, ba su rage tafiya ba. Umaru ya tsaya ya dudduba su, ya ga ba alamar gajiya, ya ce to a ƙara kaɗan. Suka yi har azahar ta gota. Da yamma yana shafa wuyan Ɓaleri a turke, ya ce, "Ikon Allah. Ko kanwar nan ce ta karɓe su? Sai dai idonsa ya yi ja, kuma ya ƙi kwanciya." Ladan yana tsaye a bayansa. Kalma ɗaya ta isa. Ya buɗe baki ya ce, "Ƙila ƙuda ne, Yaya."

Da safiyar da za a shiga gonar Alhaji Wada ya ninka abin da ya zuba, nasa da na shanun. Turai tana shara ta gan shi durƙushe a bayan rumbu yana niƙa wani abu a kan dutse. Da ya tashi ta je ta duba, ta ga jan gari. Ta bi shi har zaure.

"Baban Saude, don girman Allah. Yaya ne fa a gabansu."

"Koma ciki," in ji shi. Yadda ya faɗa, ta koma.

Tun a hanya Ɓaleri yake rawar jiki, fatarsa tana motsi kamar ƙuda na cizonsa. Umaru yana yi masa magana, yana kiran sunansa, kunnen san ko juyawa bai yi ba. Duk da haka ya naɗe igiya a wuyan hannu kamar kullum, ya ɗaure, ya ciro carbi. Me zai sa ya yi shakka? Dabbar da ya raina ce, kuma ƙaninsa ne a baya.

Suka fara. Kunyoyi suna tashi miƙaƙƙu, ƙasa tana kifewa baƙa, masu wucewa a kan babur suna ɗaga hannu suna kirari. Ladan ji yake kamar ba a ƙasa yake taka ba. Shanu suka ƙara sauri, ya yi dariya, ya yi musu ihu su ƙara. Umaru ya waigo yana haki ya ce, "Ladan, sassauta, ba na iya—"

Wata motar itace da ta taho daga wajen Tudun Wada ta danna oda a daidai gonar.

Ɓaleri ya yi wani kuka da ba a taɓa jin ya yi ba, ya zabura. Daneri ya bi shi, don karkiya ɗaya ce. Ƙirjin baƙin san ya bugi Umaru a baya, ya kifa. Da a tafin hannu igiyar take, da ta zame, shanu su tsallake shi ko su tattaka shi su wuce. Amma a ɗaure take. Suka bi ta kansa, igiyar ta miƙe, ta fizgo shi, suka ja shi a ƙasa a tsakaninsu, fuskarsa tana sharar ƙasa, ƙafafunsa suna jan baya, daidai gaban bakin garma.

Duk mai riƙon garma ya san yadda ake tsayar da shanun da suka zabura: ka danna ta da dukkan nauyinka ta nutse a ƙasa, ta riƙe su. Kuma duk mai riƙon garma ya san in akwai mutum a ƙasa ba a dannawa, kwantar da ita ake yi gefe a sake ta. Ladan ya san wannan tun bai yi kaciya ba. Amma kansa yana can sama inda ƙwaya ta kai shi, jikinsa kuwa cike da ƙarfin da ba nasa ba. Hannu ya riga hankali. Ya danna.

Bakin garma ya kama ƙafar Umaru ƙasa da gwiwa. Ladan ya ji shi a hannunsa, irin jin da yake yi in garma ta ci karo da saiwa, sannan ya ji ta wuce. Ihun da Umaru ya yi, har matan da ke shuka a gona ta uku sun ji. Shanun suka ci gaba da ja, sai da igiyar ta tsaga hancin Ɓaleri ta fita, sannan suka bar shi kwance a cikin kunya, suka yi daji da garmar tana tsalle a bayansu.

Da Ladan ya iso kansa, jini yana tsartuwa, ƙashi a waje fari, ƙafar tana rataye da fata da 'yar tsoka. Ya tuɓe riga ya ɗaure cinyar, yana ta faɗin "Yaya, Yaya" kamar ƙaramin yaro. Umaru bai suma ba tukuna. Bakinsa cike da ƙasa ya ce, "Ɓaleri. Ku kama shi a hankali, kada ku doke shi. Ba halinsa ba ne."

Aka tare mota aka wuce da shi Kano. Ɓaleri kuwa a bakin rafi aka same shi, ya karya karkiya, ya faɗi yana shure-shure, kumfa da jini suna fita ta tsagaggen hancin. Aka yi maza aka sa masa wuƙa kafin ya mutu mushe. Mutane suka tsaya a kansa suna ta hasashe, wannan ya ce iska ce ta buge shi, wancan ya ce sammu ne daga abokan sana'a. Har an fara ambaton mutumin Ba'awa da Ladan ya zubar wa haƙora biyu.

Ladan da kansa ya tona asirin, ba da niyya ba. Da labari ya zo cewa likitoci sun yanke ƙafar, ya zari adda ya nufi teburin Surajo da rana tsaka, mutane cike. Sara ɗaya ya raba teburin biyu. Ya yi ƙwallo da baƙar butar, tafasasshen gadagi ya watsu a ƙafafun Surajo, ya kurma ihu ya faɗa cikin kwata. Ladan ya bi shi ya ɗaga adda. Wani ya maka masa benci a gadon baya, addar ta faɗi, samari suka rufe shi da duka har suka danne shi a ƙasa, bakinsa ya fashe.

"Kai ka ce in zuba musu!" yake ta faɗa. "Kai ka ce!"

Surajo, yana riƙe da ƙafafunsa da suka saɓule, ya ce cikin kuka, "Na sayar maka, ban musa ba. Amma ni na san hanyar turkenku? Ni na zuba a dusa? Ni na bar yayana ya shiga gabansu ban faɗa masa ba?"

Waɗanda suka danne Ladan suka sake shi ɗaya bayan ɗaya, suka ja baya. Kafin la'asar babu gidan da maganar ba ta shiga ba a Badafi, kuma ba a rasa mai kai ta har gadon asibiti ba. Surajo bai ƙara kwana a garin ba.

Da kaka aka dawo da Umaru, da sandunan ƙarfe biyu da ƙafar wando ɗaya a naɗe. Ladan ya durƙusa a zaure yana jiran zagi, ko tsinuwa, ko a ce a kira dattawa a raba gandu. Da ya samu ɗaya daga ciki da ya ji sauƙi. Umaru ya wuce shi ya shiga ɗaki. Bai raba gandu ba, don maganar mahaifinsu ce. Bai kai shi ƙara ba. Ya dai daina yi masa magana. In Ladan ya yi sallama ya amsa, don addini ya wajabta, daga nan ba ƙari. In akwai saƙo, sai ya ce wa Turai, "Ki gaya wa mijinki." Goron da Ladan ke kawowa yana bushewa a inda ya ajiye shi.

Barin ƙwaya bai zo masa da sauƙi ba. Ya yi kwanaki a ɗaki yana rawar ɗari da zufa, yana amai, yana dukan bango da kai har goshi ya kumbura, Turai tana riƙe da ƙofa ta waje bisa umarninsa. Ya fito ya rame, ya zama wani shiru-shiru. Ko shayi bai ƙara sha ba. Amma duk wannan bai sa Yaya ya ɗago ya dube shi ba, kuma shirun nan ya fi ciwon ƙwayar cin sa.

Damina biyu ba a yi huɗa da shanun gidan ba. A ta uku Ladan ya samo wani ɗanyen sa ja, wanda bai gama sanin karkiya ba, ya haɗa shi da Daneri. Ya rantse ba zai ƙara taɓa garma ba, ya nemo wani maƙwabcinsu ya riƙe. Shi ya shiga gaba. Kuma tun ranar farko ya naɗe igiyar hancin jan san a wuyan hannunsa, ya ƙulle ta tam.

Maƙwabcin ya ce, "Ladan, wannan san fa bai san ka ba."

"Na sani. Mu je."

Kowa ya gane abin da yake nema. Turai ta yi kuka, ta yi roƙo, ya ƙi ji. Da ta rasa yadda za ta yi, ta je ta durƙusa a ƙofar ɗakin Umaru ta faɗa masa.

Da safiyar da za a yi gonar gandu, sai ga Umaru yana tafe a kan sandunansa, yana hutawa yana tasowa, har ya iso gindin ɗorawar da ke bakin gona ya zauna. Rabonsa da gonar tun kafin a yanke ƙafar. Ladan ya gaishe shi, ya amsa, ya kau da kai.

Aka fara. Ba a yi nisa ba jan san ya tsorata da wata leda da iska ta ɗauko, ya fizga. Ladan ya faɗi a kan gwiwoyinsa, aka ja shi a ƙasa, maƙwabcin ya yi maza ya kwantar da garma gefe, Daneri ya turje, suka tsaya. Ladan ya miƙe. Igiyar ta yanke masa fata, jini yana bin yatsunsa yana ɗiga. Ya dubi hannun, ya gyara naɗin, ya ƙara zagaye ɗaya a kan ciwon, ya kama bakin igiyar da haƙori zai ƙulle.

"Ladan."

Sau ɗaya aka faɗa, ba da ƙarfi ba. Igiyar ta suɓuce daga bakinsa.

"Kwance ta."

Ladan ya tsaya, bai juyo ba.

"Na ce ka kwance. Ƙafa ɗaya aka binne a gidanmu, ta isa. In ka bi ta, wa zai ɗauke ni in na faɗi?"

Ya shiga warware igiyar, zagaye bayan zagaye, hawaye yana sauka cikin gemunsa, bai ko share ba. Da ya gama ya riƙe ta a tafin hannu, sako-sako, yadda har yau ake ganinsa da ita.

Umaru ya jingina da ɗorawar yana mai da numfashi. Can ya ce, "Kuma ka daina jan sa da ƙarfi, hancinsa ɗanye ne. Ka sa masa suna?"

"A'a, Yaya."

"To kawo shi nan in gan shi."